Farar Bishiyar Baba Ari

A tsakar gidanmu na Fagge, tsakanin ɗakin girki da tsohuwar rijiyar da aka rufe, akwai wani rabin duro cike da ƙasa. Tun kafin a haife ni yake wurin. Tsatsa ta cinye uku an sauya, amma mazauninsa bai taɓa sauyawa ba. A cikin wannan duron kakana Malam Ari ya yi shekara arba'in da 'yan kai yana neman raya wata bishiya da ba ta ƙasarmu ba, ba ta kuma ƙaunar ƙasarmu. Shi biryoza yake kiranta, da bakin mutanen Rasha inda ya yi karatu. A jikin takardun da ake aiko masa da irinta kuma birch ake rubutawa. Mu 'yan gida farar bishiya muke cewa, ko da yake babu wanda ya taɓa ganin farin. Ya ce sai ta shekara uku ko huɗu ɓawonta ke rikiɗewa ya yi fari tas kamar takarda. Tasa kuwa ba ta kaiwa. Da zafin bazara ya kama sai ganyen ya naɗe, ta bushe tana ja-ja, kaurinta bai wuce na tsinken tsire ba.

'Yan unguwa sun ɗauka iyayi ne irin na waɗanda suka je ƙasar waje. Ba haka ba ne. Baba Ari ya yi wa mahaifiyarsa ƙarya a kan yadda ya binne ƙaninsa, ta rasu ba ta sani ba. Ya kuma ɗaura wa kansa cewa ba zai faɗa wa yayarsa Yakaka gaskiya ba sai ranar da zai zaunar da ita a gaban bishiyar nan ta ga farinta. Duk shekarar da bishiyar ta mutu, sai maganar ta ƙara shekara a cikinsa. Ni ce jikarsa Raudha. Ni ya fara faɗa wa, shi ne kuma ya ce in rubuta in ba ya nan, don ya san ni ce mai littafin da ake rubuta haihuwa da rasuwar dangi a ciki.

Asalin gidanmu Barno ne, amma tun kakan Baba Ari muke Fagge. Su uku mahaifiyarsu Inna ta haifa suka rayu: Yakaka ce babba, sai Ari, sai auta Hamzat, wanda a bayan Yakaka ya girma. A shekarar 1977 aka ba Ari da Hamzat gurbin karatu a Tarayyar Sobiyet, jirgi ɗaya. Inna ba ta so a kwashe mata su duka biyun ba. Ranar tafiya ta riƙe wuyan hannun Ari a soro ta ce, "Ga ƙaninka nan. Ka san ba ya son sanyi." Yakaka ta ce min Hamzat dariya ya yi har wushiryarsa ta fito, ya ce, "Inna, ai can ma akwai rana." Hoto ɗaya gare mu na su biyun, sanye da wasu manyan kwat da suka haɗiye su, a bayansu itatuwa dogaye farare kamar an shafa musu farar ƙasa.

Bayan shekara shida Ari ya dawo shi kaɗai da takardar injiniyan injinan saƙa. Ya yi aiki a wata masaƙa a Bompai har ta rufe, sannan ya buɗe shagon gyaran firji da fanka a wani lungu bayan Titin Ibrahim Taiwo. Kowa Injiniya yake ce masa. Mutum ne mai ƙarancin magana, mai abubuwan da mutane suka lura da su suka ƙyale. Ba ya yarda ya yi limanci ko da yara ne a bayansa. Ba ya fashin jana'iza, amma bai taɓa shiga kabari don karɓar gawa ba, a baya yake tsayawa. Kullum kuma akwai kamfas a aljihunsa, ɗan abin nan mai kama da agogo da allurarsa ke nuna arewa, in ya shiga baƙon masallaci sai ya ɗan leƙa shi a ɓoye kafin ya tayar da kabbara.

Aikin bishiyar yana da tsarinsa. Irin ƙanana ne ƙwarai, kamar dusar gero, kowanne da 'yan fukafukai. Da farko abokan karatunsa ke aiko masa a ambulan, daga baya 'yan Kantin Kwari masu zuwa ƙasashen sanyi sarin kaya, a ƙarshe kuma ni nake yi masa odarsa ta waya. Yakan cuɗa irin da jiƙaƙƙen yashi a gwangwanin madara ya sa a firji sati shida, wai sai irin ya ɗauka ya kwana cikin hunturun ƙasarsu sannan yake yarda ya tsiro. In wuta ta ɗauke, sai ka ga tsoho da gwangwani a hannu ya tari adaidaita sahu zuwa Sabon Gari wurin masu ƙanƙara, yana roƙon a ajiye masa. Ranar shuka ba ya tona rami. A saman ƙasa yake barbaɗawa ya danna da tafin hannu.

"Wannan ba a binne ta," in ji shi. "Sai ta ga haske."

Ƙasar da takin kuwa wurin Okechukwu yake saye, wani mai sayar da fulawowi a bakin titi a Sabon Gari, haifaffen Kano, wanda Hausarsa ta fi tawa karin magana. Ina 'yar firamare nake raka shi. Okechukwu na hango mu zai miƙe yana kaɗe wando.

"Injiniya! An zo saye wa marigayiya sabuwar katifa ke nan?"

"Bana za ta yi, Oke."

"Bara ma haka ka ce. Ni fa na gaji da zuwa gaisuwa. Ga mangwaro, ga gwaiba, ga wannan mai jan fure da ko kallonta ba ka yi ba za ta rayu. Sai ka ce lallai sai 'yar gwamna za ka aura."

"To kai da ka san itace, faɗa min abin da take so."

"Jirgi take so, Injiniya. A mayar da ita gidan ubanta."

Baba Ari sai ya yi murmushi, Okechukwu kuma ya duƙa ya zaɓo masa baƙar ƙasa mafi laushi, ya haɗa da ruɓaɓɓen ganye, yana ta mita. Shi ya koya masa rataya jiƙaƙƙun buhunan algarara kewaye da duron, da kafa zana ta yamma saboda ranar la'asar, da shayar da ita ruwan randa maimakon na famfo da rana ta dafa. Jera ƙanƙara a gefen duron kuwa dabarar Baba Ari ce. Duk da haka, kafin ruwan farko ya sauka ta tafi. Sai ya tumɓuke ta, ya kakkaɓe saiwar, ya haɗa da na shekarun baya a wani dami da ya ɗaure da ƙyallen atamfa ya ajiye a saman kwabarsa. Bai taɓa yar da ko ɗaya ba.

Ina aji biyar na sakandare ya faɗa min. Da hantsi ne, ranar Asabar, muna tsugune gaban duron yana barbaɗa iri. Na tsokane shi yadda jika ke tsokanar kaka.

"Kai dai tsohon nan, da wahalar da kake wa wannan tsinken ni kake wa, da tuni na yarda na aure ka."

Bai rama ba, abin da ban saba gani ba. Ya goge hannu a gwiwa ya ce, "Amarya, in aka sa mamaci a kabari, ina ake juya fuskarsa?"

Na ce, "Gabas mana."

"Haka ni ma na ce."

Sannan ya ba ni labarin, idonsa a kan ƙasar duron. Watansu biyu kacal da sauka, suna makarantar koyon harshe a wani gari kudu da Masko, sanyi ya shiga ƙirjin Hamzat. Kwana tara ya yi a asibiti ya cika. Babu masallaci a garin, babu malami. Ari ne ya yi masa wanka, da shi da wasu ɗalibai biyu, ɗaya ɗan Chadi ɗaya ɗan Mali, suka yanka zanen gado suka yi likkafani. Da suka isa maƙabarta suka tarar ma'aikata sun riga sun haƙa rami yadda suka saba, kai yamma, ƙafa gabas. Ari ya ce ba a haka. A Kano ya tashi yana ganin ana kwantar da mamaci a kan damansa, kai kudu, ƙafa arewa, fuska gabas. Abokansa biyu ma haka suka sani a garuruwansu. Kuma tun zuwansu gabas suke kallo su yi salla.

"Har kamfas na aro wurin mai gadin ɗakin kwananmu," ya ce, "don kada in yi kuskure."

Kalmominsa na Rashanci ba su kai hamsin ba a lokacin, amma ya tsaya a bakin ramin ya ƙi. Ƙasa ta daskare kamar siminti. Masu haƙa suka yi ta faɗa, ɗaya ya jefar da diga. Ari ya ɗauka ya fara sara da kansa a can gefe, gindin wata biryoza, har tafin hannunsa ya fashe. Da suka ga haka suka karɓa suka ƙarasa masa. Ya shiga ya kwantar da ƙaninsa, ya duba allurar sau biyu, ya juya masa fuska gabas sak. Ya fito yana jin ko ba komai ya cika wa Inna wannan.

Bayan wata shida aka kai su yawon buɗe ido Masko, ya shiga masallaci karon farko a ƙasar. Ya ga sahu ya kalli wani ɓangare daban. Ya zaro kamfas, ya ga kudu suke kallo. Da aka idar ya tari wani dattijo zai yi masa gyara. Dattijon ya ja shi gaban wata taswira da ke jikin bango, ya ɗora yatsa a garinsu, ya ja shi ƙasa har Makka. Sannan ya tambaye shi daga ina yake, ya ɗora yatsa a Kano, ya ja shi dama har Makka.

"Daga can, Makka kudu take," in ji Baba Ari. "Wanda zai kalli kudu a kan damansa, kansa yamma zai yi. Ramin farko, wanda mutanen suka haƙa, shi ne daidai. Ni na hana."

Ya nemi a ba shi izinin tonewa, ba a ba shi ba. Ya tambayi malamai a can, ya tambaya a nan bayan ya dawo, kowa ya ce wanda ya yi iya ƙoƙarinsa cikin rashin sani babu laifi a kansa. Ya ce ya yarda da wannan, ba shi ke hana shi sakat ba. Abin da ya faru a ɗakin Inna ne ranar da ya dawo. Bayan an watse ta sa ya zauna gabanta ta yi masa tambaya uku. Wa ya yi masa wanka? Ya ce ni. Me ke kansa? Ya ce wata farar bishiya. Ta ce, itace fari? Da ma in gani. Sannan ta ce, "Ka juya shi alƙibla?"

"A lokacin na shekara biyar da sani," ya ce. "Na dubi idonta na ce e."

Daga ranar, in Inna ta sallame sallar magariba ba ta tashi nan da nan. Takan zauna a kan dardumarta ta ce, "Ni da Hamzat wuri ɗaya muke kallo." Kusan kullum sai ta faɗa, a gaban Ari. Shi ya sa ya fara shukar. Ya ce wa kansa ranar da bishiyar ta yi fari zai kawo Inna ta ga abin da ke kan ɗanta, sannan ya faɗa mata sauran. Ta rasu a 1991, duron babu komai. Sai nauyin ya koma kan Yakaka, wadda ta gaji maganar Inna har da lafazinta.

Na ce, "Baba Ari, ka je Kwaciri ka faɗa mata kawai mana. Ga gidanta nan kusa."

"Hannu rabbana haka? In ɗauke mata abin da take riƙe da shi ban ba ta komai ba?"

Ya sa na yi alƙawarin yin shiru. Tun daga ranar na daina wa duron kallon wasa. In na idar da salla a tsakar gida nakan ji kamar akwai wani can nesa ta hagu, kwance cikin sanyi, yana kallon inda babu kowa. In Kaka Yakaka ta zo gidanmu ta yi magariba ta ce, "Ni da Hamzat wuri ɗaya muke kallo," sai in ga Baba Ari ya tashi ya tafi duba buhunan algarara, ko da yanzu ya jiƙa su.

Wadda muka shuka a shekarar da na gama sakandare ita ce ta ba kowa mamaki. Ta wuce bazara ɗaya. Okechukwu ya zo da kansa har gida, ya zagaya duron sau biyu hannu a baya.

"Injiniya, faɗa min gaskiya, ba ta roba ka sayo ba?"

Ta wuce ta biyu, da ƙyar, rabin ganyenta a ƙone. Baba Ari ya daina zuwa shago da rana, ya haɗa wata tsohuwar fanka da batir yana hura mata iska ta cikin jiƙaƙƙen buhu. A shekara ta uku ta kai min ƙirji, kaurinta kamar babban yatsa. Wata safiya cikin sanyi ya ƙwala min kira. A can ƙasa kusa da gindi, jan ɓawon ya ɗan tsage ya naɗe, a ƙarƙashinsa akwai wani ɗan wuri fari, bai fi farcen ɗan yatsa ba.

Na ce, "Alhamdu lillahi. In je in taho da Kaka?"

Ya daɗe yana kallon wurin. Ya ce, "Wannan ai bai isa a nuna wa mutum ba. Bari ya ƙaru. Bayan salla."

A nan na gane cewa shekara arba'in yana roƙon bishiyar ta rayu, yana kuma tsoron ranar da za ta rayu ɗin.

Azumin shekarar a tsakiyar zafi ya faɗo, irin zafin da ko tsofaffi suka ce ba su taɓa gani ba. Wuta ta ɗauke mana kwana da kwanaki, ƙanƙara ta zama sai mai rabo, layin masu saye har bakin titi. Ciwon sukarin Baba Ari ya tashi, ƙafarsa ta kumbura, likita ya hana shi azumi ya ƙi ji. Kaka Yakaka kuma yanar ido ta rufe ta, sai da ɗan jagora take fita. Ran sha bakwai ga wata ganyen bishiyar ya fara naɗewa daga sama. Na san alamar, shi ma ya sani. Kwana uku ya yi zaune a gefenta a kan kujerar roba yana yayyafa ruwa da tsintsiya.

A rana ta huɗu na tsuguna gabansa. Ban tsokane shi ba.

"Baba Ari, ba za ta kai salla ba. Wata kuma sai shekara uku, in ta yi. Kai ka ce za ka kai? Kaka za ta kai?"

"Ke yarinya ce."

"Yarinya ce, amma ni nake rubuta rasuwa a littafi. Ka bari Inna ta tafi ba ta sani ba. In ka bar wannan ma, wa ya rage da ya san fuskar Hamzat?"

Ban taɓa yi masa magana haka ba, har yau in na tuna sai na ji kunya. Ya ɗaga tsintsiyar kamar zai make ni, sai ya ajiye ta a cinya. Can ya ce, "Ki ce mata in ta samu hali bayan la'asar."

Na ɗauko ta a adaidaita sahu. Tun daga soro take faɗa.

"Wane irin kira ne wannan da azumi a bakin mutum? Ari, in wasiyya ce ka bari, ni ce gaba, ba ka isa ka yi min shigar sauri ba."

"Yaya, zauna nan. Abu zan nuna miki."

"Nuna wa makauniya? To Allah ya shirye ka."

Na shimfiɗa mata tabarma a gindin duron. Ya kama hannunta ya kai yatsanta kan ɗan farin wurin. Ta shafa, ta sake shafawa.

"Santsi kamar takarda," ta ce. "Ita ce ta kan Hamzat?"

"Irinta ce. Waccan ta fi gidan nan tsawo, fara tun daga ƙasa har sama."

Ta bar yatsanta a wurin. Shi kuma ya fara. Ya faɗa mata duk yadda ya faɗa min, bai rage diga ba, bai rage taswira ba, bai rage amsar da ya ba Inna ba. Ina tsaye jikin ƙofar ɗakin girki. Ban ji motsin kowa a gidan ba, sai busasshen ganye da ke faɗowa cikin duron ɗaya bayan ɗaya.

Da ya gama ta ce, "Hannunka ya fashe, ka ce?"

"Ya fashe."

"Miƙo." Ta laluba tafin nasa kamar tabon zai kasance har yanzu. Sannan ta sake shi. "Gabas ka juya shi."

"Gabas."

"Inna ma gabas take kallo. Rana ɗaya ke fito musu."

"Yaya, kin san ba haka take nufi ba."

"Na sani." Muryarta ta sauya. "Na sani sarai. Shekara arba'in, Ari. Ina zaune gabanka ina faɗin maganar nan kana ji, kana tashi kana zuwa ban ruwa. Ni na goyi yaron nan. Da ka faɗa min, da ko addu'ata na san inda zan aika. Ka bar ni ina magana da bango."

Hawaye na bin gemunsa.

"Kuskuren kabari ba naka ba ne, Allah ya ga digarka. Ƙaryar ce taka. Ni kuma ba Inna ba ce, ba ni da ikon yafe maka nata. Wannan sai kun haɗu." Ta ja numfashi. "Nawa kason na yafe. Raudha, zo ki nuna min, ta ina yake daga nan?"

Na karɓi kamfas ɗin Baba Ari, na kama kafaɗunta na juya ta arewa, na ɗan karkata ta dama. Ta zauna haka tana kallon katangar maƙwabta da idon da ba ya gani, leɓenta na motsi, har aka kira salla. Ranar a gidanmu ta sha ruwa. Da ta idar da magariba ta zauna a kan darduma kamar kullum, muka yi tsit muna jira. Ba ta faɗi maganar ba. Ba ta kuma sake faɗinta ba.

Bishiyar ta ƙarasa bushewa kwana biyu kafin salla. Baba Ari ya tumɓuke ta ya sa a dami. Bai ce in yi odar wani irin ba. Ya ɗan samu sauƙi da damina, har ya koma shago, har wata rana ya yi mana limancin azahar ni da ƙannena, muryarsa ƙasa-ƙasa. Amma ban ce ya huta ba. Wani lokaci nakan same shi tsaye gaban duron da babu komai, yana cewa a hankali, "A'a, Inna. Ban juya ba," kamar mai bitar abin da zai faɗa in an tambaye shi.

Ya rasu a watan Safar, da safe, bayan ya sha koko. Ana shirin fita da makara Kaka Yakaka ta ce in hau kujera in sauko da damin da ke saman kwaba. Ta kwance ƙyallen, ta laluba har ta samo mai ɗan farin wurin, ta mayar ta ɗaure. Ta kira babana ta ce a jera su cikin itacen da ake rufe ramin da shi kafin a zuba ƙasa. Babana ya ce, "Gwaggo, waɗannan tsinkayen ai ba za su riƙe komai ba." Ta ce, "Ba riƙo na ce su yi ba. Ka sa." Mu mata ba ma zuwa maƙabarta. Babana ya ce min ya sa su da hannunsa, ya kuma duba fuskar sau biyu kafin a rufe.

Okechukwu ya zo gaisuwa ran uku. Ya tsaya gaban duron ya daɗe, sannan ya ce min, "In kawo miki wani abu ki sa a nan? Mai rai, wanda ba ya ba mutum wahala." Na ce ya bari tukuna.

Duron na nan. Kamfas ɗin yana cikin littafina, a shafin da na rubuta sunan Baba Ari, ƙarƙashin na Hamzat da na Inna. Kaka Yakaka in ta idar da magariba yanzu, takan juya a kan dardumarta ta kalli arewa ta ɗan jima kafin ta shafa. Ni ma na tsinci kaina ina yi.